Ulmanit, gersdorfit ko hoshkornit: wanne za ka saya, wanne za ka bari

Duwatsun nan uku da zan yi magana a kansu duk nikel ne a cikinsu haɗe da farar wuta, sai kuma wani sinadari na uku da ya bambanta su, ko arsenik ko antimoni ko bismut, kuma duk ukun ba kasafai ake samunsu ba. Maganar tawa ga mutum uku take, ɗalibin jiyoloji da ke neman abin da zai yi memuwar a kai, da mushen SVT, wato malamin kimiyyar halittu da ƙasa, da ke son haɗa ɗan akwatin duwatsu na nuna wa yara a aji, sai kuma ɗan uwanmu da ya dawo daga Jado ko Cibarakaten da wani dutse mai ƙyalli a aljihu an ce mishi wai nikel ne mai tsada. Idan za ka nema a intanet to ga yadda ake rubuta su a takarda, ullmannite, gersdorffite, hauchecornite, ni dai zan riƙa rubuta su yadda bakinmu ke faɗa.

Bari in fara da wanda sunansa ya fi jan hankali, hoshkornit, don shi ne mutane ke fara rawar jiki a kai da sun ji an ce ai wannan ba ko'ina ake samun shi ba. Gaskiya ne ba ko'ina ba. An fara bayyana shi a 1893 daga wata mahaƙa da ake kira Friedrich kusa da garin Wissen a yankin Siegerland na Jamus, aka sa mishi sunan Wilhelm Hauchecorne wanda shi ne shugaban hukumar binciken ƙasa ta Furushiya a lokacin. Haɗinsa Ni9BiSbS8 ne, nikel tara, bismut ɗaya, antimoni ɗaya, farar wuta takwas, in ka lissafa nauyi nikel ya kai kusan kashi 47 cikin ɗari, ya fi sauran biyun nikel nesa ba kusa ba. Launinsa ruwan tagulla ne mai haske, taurinsa 5 a ma'aunin Mohs na taurin duwatsu mai tafiya daga 1 zuwa 10, nauyinsa wajen 6.4 idan aka gwada da ruwa.  Yana da 'yan uwa, akwai tucekit Ni9Sb2S8 da aka samu a Kanowna a yammacin Ostiraliya, akwai mai arsenik da mai teluriyom da aka samu a mahaƙun Sudbury na Kanada, duk gida ɗaya ne.

To amma fa ga matsalar, ƙwayoyinsa, wato kristal ɗinsa, ƙanana ne sosai, 'yan milimita, faifai-faifai a lafe cikin wani dutsen, sau da yawa tare da milerit, wani ma'adinin nikel mai kama da gashin tagulla, kuma mahaƙun Siegerland ɗin an rufe na ƙarshe tun 1965, don haka duk wani samfuri mai kyau da ke yawo yanzu tsohon kaya ne da ya fito daga hannun masu tarawa, kuma mai shi ya san abin da ke hannunsa ba zai ba ka a banza ba. Kai kana nan Damagaram ka tura kuɗi waje, kaya su iso bayan makonni, ka buɗe ka ga dutse ruwan ƙasa da wani ɗan ɗigo mai ƙyalli da sai da lup za ka gan shi, ba ka da hanyar da za ka tabbatar shi ne ko wani ɗan uwansa ne ko ma wani abu can dabam, don ido ba ya raba hoshkornit da tucekit, sai na'ura. Ni a ganina idan ba ka da labo mai mikroskop na lantarki ko na'urar haskawa ta rayon X da za a bar ka ka yi aiki da ita, ka manta da shi kawai. Ga mushe kuwa sam, yara sittin ko fiye a aji ka ce su zo su leƙa ɗigo ɗaya, kafin rabinsu su gani an kaɗa ƙararrawa.

Ainihin zaɓin tsakanin ulmanit da gersdorfit yake, kuma a nan ne ya kamata a zauna a yi magana. Wa da ƙane ne, NiSbS da NiAsS, atom ɗaya na nikel, ɗaya na farar wuta, sai na ukun antimoni a ulmanit, arsenik a gersdorfit. Ginin cikinsu irin na pirit ne, wannan da masu haƙar zinare suka sani sarai mai ruɗin sabon shiga, sai dai a pirit farar wuta biyu ce ke riƙe da juna, a nan kuwa an cire ɗaya an sa antimoni ko arsenik a gurbinta. Shi ya sa duk biyun ke fitowa da siffa mai kusurwa, ko ɗan akwati mai fuska shida ko mai fuska takwas, kuma duk biyun fari ne irin na azurfa zuwa toka-toka irin na ƙarfe, idan ka goga su a bayan karo marar sheƙi layin da suke bari baƙi-baƙi ne mai toka. Har suna shiga juna ma, akwai gersdorfit mai ɗan antimoni, akwai ulmanit mai ɗan arsenik ko bismut, kuma kobalt da ƙarfe suna iya maye gurbin wani ɓangare na nikel ɗin.

Ulmanit an ba shi suna a 1843 don tunawa da Johann Christoph Ullmann, wani malamin kimiyyar ma'adinai Bajamushe da ya rasu a 1821, kuma shi ma daga Siegerland aka fara sanin shi, mahaƙar Storch und Schöneberg a Gosenbach. Nikel ɗinsa kusan kashi 28 ne cikin ɗari, antimoni ya cinye kashi 57, saura farar wuta. Antimoni abu ne mai nauyi, shi ya sa dutsen ya kai wajen 6.7, ka ɗauki ɗan ƙarami ka ji ya zauna a tafin hannu fiye da yadda ka zata. Taurinsa 5 zuwa 5.5. Mafi kyawun ƙwayoyinsa da aka sani daga tsibirin Sardiniya na Italiya suka fito, mahaƙar azurfa ta Monte Narba a yankin Sarrabus, 'yan akwatuna masu ƙyalli zaune kan farin kalsit, akwai kuma na Lölling a Ostiriya da na arewacin Ingila. Waɗannan wuraren yawancinsu an daina aiki a cikinsu tuntuni, don haka shi ma mai kyan gaske tsohon kaya ne, sai dai ya fi hoshkornit samuwa kuma ana ganinsa da ido ba sai da lup ba.

Gersdorfit shi kuma sunan Johann Rudolf von Gersdorff ya ci, mai mahaƙar nikel a Schladming ta Ostiriya, a shekarun 1840 aka raɗa mishi. Nikel kashi 35, arsenik kashi 45, nauyi wajen 5.9, tauri 5.5. Ya fi ulmanit yawa a duniya, ana samun shi a Sudbury da Cobalt na Kanada, a Jamus, da wurare da dama, amma abin da ya fi mana amfani mu a nan shi ne akwai shi a nahiyarmu, a Maroko, yankin Bou Azzer a duwatsun Anti-Atlas ta wajen Warzazat, inda har yanzu ake haƙar kobalt, kuma mahaƙar Aït Ahmane ta can ta fitar da ƙwayoyi masu fuska takwas manya-manya da duk mai tara duwatsu ya san da su. Wurin da ake kan aiki kaya na ci gaba da fitowa, Marokawa kuma tsofaffin 'yan kasuwar duwatsu ne, don haka samun shi ya fi sauƙi kuma ana iya yin ciniki da Faransanci ko Larabci. Kar dai ka yarda da takardar da aka manna kawai, don a Bou Azzer ɗin akwai skuterudit da sauran duwatsun kobalt da arsenik masu launin azurfa da ke kama da shi ƙwarai.

Akwai abu ɗaya da gersdorfit ke yi wanda ya sa nake fifita shi wajen koyarwa. Idan iska da danshi suka daɗe suna cin sa, sai wani koren gari ya fito mishi a jiki, kore mai haske irin na ɗanyen tuffa, sunansa anaberjit, nikel ne da arsenik da ruwa. Wannan koren shi ne alamar da masu neman ma'adinai ke bi tun zamanin da, in sun ga kore irin wannan su ce akwai nikel a ƙasa, in sun ga ruwan hoda su ce kobalt ne, wato eritrit. Samfuri ɗaya na Maroko zai iya zuwa maka da farin ƙarfen da koren a gefe guda, ka ga a dutse ɗaya ka nuna wa yaro siffar ƙwaya, ka nuna mishi yadda dutse ke lalacewa ya koma wani, ka nuna mishi yadda ake neman ma'adini da ido. Ulmanit ba ya ba ka wannan wasan, shi dai kyau ne da nauyi, in ya daɗe sai ya dushe kawai.

Amma fa arsenik ba abokin wasa ba ne, kuma a nan ulmanit ya ɗan fi kwanciyar hankali, ban ce antimoni ba shi da guba ba, yana da ita, sai dai koren garin nan na gersdorfit yana barin jikin dutse ya hau yatsa, yatsa kuma ya tafi baki, musamman ga yara. Idan ka buga gersdorfit da guduma ko ka gasa shi za ka ji warin tafarnuwa, litattafai na kawo shi a matsayin gwaji, ni dai ba na ba kowa shawarar ya gasa shi a kan gawayin shayi a fada, wannan hayaƙin guba ne tsantsa. A sa shi cikin ƙaramin akwati mai gilashi ko roba mai haske a rufe, a wanke hannu in an taɓa, kada a lasa, kada a daka shi a turmin gida. Mun ga abin da ya faru a Zamfara a 2010 da aka riƙa daka dutsen zinare mai dalma a cikin gidaje, yara fiye da 400 suka rasu, ba wai labarin wata duniya ba ne, nan maƙwabta ne. Ta fuskar ajiya kuwa Allah ya taimake mu, bushewar garinmu tana yi wa irin waɗannan duwatsun kyau, danshi ne maƙiyinsu, damina ce kawai za ka kula kada akwatin ya zauna inda ɗaki ke yoyo.

Yanzu ga ɗan uwa mai dutse a aljihu. Kafin ka ce ulmanit ne ko gersdorfit, ka fara cire abubuwa uku da suka fi su yawa sau dubu, kuma na farko yana nan kasuwar Dole a gaban masu kayan koli, dutsen tozali. Tozalin nan da iyayenmu mata ke niƙawa galibinsa galen ne, dalma da farar wuta, kuma wallahi in ka ajiye shi kusa da ulmanit sabon ido ba zai raba su ba, launi kusan ɗaya, nauyi a hannu, kuma duk biyun suna fashewa a mataki-mataki mai kusurwa. Ka sayi ɗan guntu ka riƙe a matsayin abin gwadawa. Ka samu wayar lantarki ta jan ƙarfe ka karce shi, za ka ga ta shiga ta bar layi, ƙusa kuwa kamar tana yanka sabulu, don taurinsa 2.5 ne kacal. Ulmanit waya ba ta yi mishi komai, jan ƙarfen ne ma zai gogu a jikinsa ya bar jan layi da za ka share da yatsa, wuƙa mai kyau da ƙyar take kama shi. Wannan gwajin na minti ɗaya ya isa ya kashe rabin gardamar. Na biyu pirit, shi launinsa ya fi karkata ga rawaya, ya fi wuƙa tauri, 6 zuwa 6.5, nauyinsa 5. Na uku shi ne mai wuyar, arsenopirit, FeAsS, fari kamar azurfa, mai warin tafarnuwa shi ma, nauyi wajen 6.1, kuma shi abokin tafiyar zinare ne a jijiyoyin farin dutse, don haka wanda ya fito daga ramin zinare da farin dutse mai ƙyalli mai warin tafarnuwa, mafi rinjaye arsenopirit ya ɗauko, babu nikel ko kaɗan. Ƙwayoyinsa dogaye ne masu zane-zane a jiki kamar an ja su da tsinke, ba 'yan akwatuna ba.

Gwajin ruwa da masu sayen zinare ke yi shi ma yana aiki a nan, sikelin nan ƙarami na dijital. Ka auna dutsen a bushe, a ce ya ba ka giram 20. Ka ɗora kofin ruwa a kan sikeli ka mayar da shi sifiri, ka ɗaure dutsen da zare ka nutsar da shi cikin ruwan kada ya taɓa gindin kofi ko gefe, ka karanta. Idan ya nuna 3, ka raba 20 da 3 ka samu kusan 6.7, kana yankin ulmanit. Idan 3.4 ne ka samu 5.9, gersdorfit ko arsenopirit ke nan, nan sikeli ya gaza raba su. Idan 2.7 ne tozali ne, idan 4 ne pirit. Sharaɗin dai guntun ya zama zalla, in akwai farin dutse ko kalsit manne da shi lissafin ya ɓaci, zai nuna maka ƙasa da gaskiya. Abin da ke yanke hukunci kan nikel shi ne wani sinadari da ake kira dimetilgliyoksim, labon shimi na da shi, a narkar da ɗan garin dutsen a asid, a kashe kaifin asid ɗin da amoniyak, a ɗiga shi, in akwai nikel sai ja mai ruwan hoda ya fito ɓaro-ɓaro. Wannan aikin mai labo ne ba na tsakar gida ba. Ko kuma na'urar XRF ta hannu, mai kama da bindiga, tana faɗa maka nikel nawa, arsenik nawa, antimoni nawa cikin daƙiƙoƙi, in ka samu mai ita ka huta.

Sannan mu dubi ƙasarmu da kanta. Manyan duwatsun nan da suka kewaye Birni giranit ne, kuma giranit ba gidan nikel ba ne, layin duwatsun da ya taso daga Ayar ya bi ta Damagaram da Muniyo ya gangara har Jos an fi saninsa da kuza, kamar ta El Meki da ta Jos ɗin. Nikel ya fi son baƙaƙen duwatsu masu nauyi masu yawan ƙarfe da magneziyom da suka taso daga can ƙarƙashin ɓawon ƙasa, irin serpantinit ɗin Bou Azzer, daga nan ruwan zafi ya kwaso shi ya haɗa shi da arsenik ko antimoni ya zuba a tsagogin dutse, haka ulmanit da gersdorfit ke samuwa, a jijiyoyi, tare da kalsit ko siderit ko farin dutse. A Nijar irin tsofaffin korayen duwatsun nan sun fi yawa a yamma, Liptako, inda mahaƙar zinare ta Samira take. Don haka wanda ya ce maka a bayan Mirriya ya tono ulmanit, ka ce ya kawo a karce da waya tukuna.

Maganar kasuwanci kuma a taƙaice, babu ɗaya cikin ukun da za ka yi arziki da shi a matsayin ma'adinin nikel. Nikel ɗin duniya, wanda kusan kashi biyu cikin uku nasa ke tafiya wajen yin inoks, wanda kuma ke cikin silallanmu na dala goma da dala ashirin, daga wani dutsen nikel da ake kira pantlandit yake fitowa a wurare irin Sudbury da Norilsk ta Rasha, da kuma jar ƙasa ta laterit a Indunusiya da Filifin da Sabuwar Kaledoniya, Indunusiya kaɗai yanzu ta wuce rabin abin da duniya ke haƙowa, ana maganar miliyoyin tan ne ba buhu ba. Kuma masana'antun narkarwa ba sa son arsenik da antimoni a cikin kaya, rage maka kuɗi suke yi in ya yi yawa ko su ƙi karɓa. Darajar waɗannan duwatsun a wajen masu tarawa take, su kuma siffa suke saye da sunan wurin da aka samo, ƙwaya lafiyayya da ba ta karye ba tare da takardarta, in ka daka shi ka zuba a leda ka kashe kuɗinka da hannunka.

Ga ɗalibi mai memuwar, ƙanena ka fara tambayar malaminka wace na'ura za ka iya samu kafin ka zaɓi dutse. In mikroskop na hasken da ke dawowa ne kawai da sikeli da ɗan sinadari, ka ɗauki gersdorfit, an yi rubutu da yawa a kansa, na Bou Azzer ma da Faransanci, yana da nau'in gini uku da aka bambanta gwargwadon yadda arsenik da farar wuta suka jeru, yana kuma da alaƙa da kobaltit, ɗan uwansa mai kobalt a gurbin nikel, da za ka iya bi ka cika babi guda mai ma'ana. In kana son kwatanci ka ƙara ɗan guntun ulmanit ko da ba mai kyan siffa ba ne, dunƙulalle ya fi araha kuma don aunawa da karcewa shi ya fi, ba za ka ji zafin ɓata shi ba. Mushe shi ma gersdorfit mai kore a rufaffen akwati, da dutsen tozali da pirit a gefe waɗanda yara za su karce da kansu su wanke hannu bayan nan. Wanda kuma sha'awa ce kawai, yana son abu mai kyau a cikin kabad kuma aljihunsa zai ɗauka, ulmanit na Sardiniya ya fi kyan gani, amma kafin ka tura ko jika ɗaya ka sa mai sayarwa ya ɗauko maka hoton dutsen kusa da rula don ka san girmansa na gaskiya, da hoton tsohuwar takardar da ke ɗauke da sunan mahaƙar, in ya ce daga Italiya kawai ko daga Maroko kawai ba sunan rami, ka rage abin da za ka biya ko ka nemi wani.